Batirin da Ya Jira Idon Kaka

Duk bikin da na je aka haska mini walƙiyar kyamara, sai idona ya rufe da kansa. Gado na yi, kada ka ga laifina. Haka kakata ta wajen uba take, Allah ya jiƙanta, kuma wannan hali nata ya taɓa hana gidanmu sakat damina guda.

A wani ƙauye muke a ƙasar Gwiwa, inda babu lantarki. Ni ce mai kwana a ɗakin Kaka, ɗakin ƙasa mai 'yar taga kamar tafin hannu, kullum cikin ƙamshin man shanu da turaren wuta. Babbar 'yarta, Gwaggo, ta bi mijinta Sudan tun ba a haife ni ba. Wata shekara ta aiko cewa ba ta neman komai sai hoton uwarta, ta ga idonta ko sau ɗaya.

Baffa, ƙanin mahaifina, ɗaukar hoto ce sana'arsa a Kazaure. Ya zo ya ɗauka, aka kai Kano aka wanko, sai ga Kaka ido a runtse kamar mai shan maɗaci. Aka sake, haka dai. Fitowa tsakar gida kuwa, inda hasken rana zai isa ba sai da walƙiya ba, ta ce ba da ita ba: ƙafafunta sun daina ɗaukarta, kuma ba mai ciccibarta a gaban surukai.

"Sau ɗaya ya rage maka," ta ce da Baffa. "Ka sake kashe min ido da abin nan, ka aika mata hoton akuyata."

Muka yi dariya, ban da Baffa. Ya san maganar Kaka ba ta tashi, kuma kowa na ganin jikinta yana ja baya.

Dabarar da ya yanke ita ce fitila mai ci ba ƙyaftawa, a kunna a bar ta har idon tsohuwa ya saba. Saura wutar da fitilar za ta ci. Janareta zai tayar mata da tari. Batirin mota ga nauyi, ga ruwansa da zai zube a ramukan hanya ya cinye masa kaya a kan babur. Na babur ɗin kuma ya gwada, nan da nan hasken ya yi ja ya mutu. Sai ya nufi kasuwar Babura neman busasshen batir.

Da fitilarsa ya tafi. Ko rubutun jikin batir bai duba ba. Sai ya maƙala waya ya kunna, ya zauna ya shiga gaida mai kayan irin gaisuwar Kaka: gida, iyali, gona, ruwa, dabbobi, sannan a komo farko. Ya san matan unguwa za su cika ɗakin, kuma Kaka ba ta katse gaisuwa don kowa. Batirin da haskensa ya dushe kafin a gama, ya mayar.

"Malam, batir ka zo saye ko zumunci?" in ji mai kayan. Daga ƙarshe wani baƙin batir mummuna mai mariƙi ya ɗauko.

Ranar da ya zo hadari ya haɗu, ɗakin ya yi duhu. Ya rataya farin zane a bango, ya juya fitilar gare shi. Kaka ta runtse ido, hawaye na zuba. Mata suka yi ta shigowa, wata ma ta kawo labarin rabon gado tun daga tushe. Ni dai fitilar na ƙura wa ido, amma ko gezau ba ta yi ba. Can Kaka ta manta da kyamara, ta waiwayo kaina da ido tar.

"Ke, rufe bakin nan, ƙuda zai shiga!"

Baffa ya danna.

Da hoton ya dawo daga wanki, mahaifina ya dube shi ya ce alhamdulillahi, ya fice zaure don kada mu ga fuskarsa. Ni ma ranar na ci tuwo da daɗi. Aka ba wani matafiyi ya kai, kuma kafin wata daminar Kaka ta rasu.

Yanzu batirin masu hoto aljihu yake shiga, 'ya'yana kuma su ɗauki hoto su goge kafin mutum ya gyara zama. Ba na ƙin sauƙin, sai dai ban ga mai jiran idon wani ya buɗe ba. Gwaggo ta dawo gida da furfura, hoton na cikin jakarta duk ya koɗe. Ta tambaye ni wa ake yi wa faɗa a ciki, na ce ni ce.

"Shekara da shekaru na ɗauka da ni take," ta ce, "don na ƙi dawowa."