Gombe Zuwa Yola: Ita a Sama, Ni a Bayan Mota

Mun tashi da asuba daga Yakasai, ni da ƙanwata, da kayan sana'armu na gyaran amarya: dilka, lalle, turaren wuta da kaskonsa. Wata Hajiya ce ta kira mu bikin 'yarta a Gombe, daga can a kai amarya Yola. Shekara goma sha biyu ina wannan aiki. Ƙanwata kuwa ni na koya mata riƙon lalle, shekararta uku ke nan a sana'ar.

Hanyar Wudil zuwa Birnin Kudu ba laifi. Daga Darazo ne ramuka suka fara gaisawa da ƙashin bayanmu. A Dukku muka sha fura da nono mai kauri, ƙwarya dubu ɗaya, wadda a Kano sai ka ninka.

Kwana uku muka yi muna aiki. Ranar kai amarya Hajiya ta shigo ta ce dangin ango sun yi shatar ƙaramin jirgi, kujera ɗaya ta rage ta mai gyara. Har na fara laluben mayafina, sai ta dubi ƙanwata.

"Ke za ki bi ta. Amarya ta ce hannunki ya fi taushi."

Na ce, "Ai duk ɗaya ne, Hajiya." Wallahi ba ɗaya ba ne.

Muka raka su filin jirgi, can wajen gari, shiru kamar makaranta ranar hutu. Na tambayi wani ma'aikaci nisan tafiyar. Ya ce a miƙe bai kai Kano zuwa Kaduna ba, kafin shayi ya huce sun sauka. Ni aka cusa ni bayan bas da akwatunan amarya, kasko a cinyata.

Ko Kaltungo ba mu kai ba waya ta yi ƙara.

"Yaya, mun sauka! Kin ga gajimare kuwa? Kamar auduga!"

Na ce babu sabis, na kashe. Duwatsun yankin nan abin kallo ne, amma ban kalle su da zuciya ɗaya ba. A Numan aka sayo soyayyen kifi, kowa na santi ban da ni. Sai bayan la'asar muka shiga Yola, ƙafafuna sun kumbura. Na tarar ƙanwata ta gama gyara amarya tsaf. Na zagaya ina neman kuskure, ban samu ba.

A hanyar dawowa mota ɗaya muka shiga, na yi barcin ƙarya har Gombe. Sai da muka zo Ƙofar Nassarawa ta taɓa ni.

"Yaya, Hajiya ta ce bikin ƙanwar amarya ni kaɗai take so. Ban amsa ba. Na ce sai abin da kika ce."

Da na ce a'a, ba za ta yi musu ba, na sani.

Na ce, "Ki je. Amma ki ƙara kuɗin aiki, kada su raina ki."

Abin da tafiyar nan ta koya mini: na iya koyarwa, amma ban iya ganin an wuce ni ba. Na dai ba ta izini. Zuciyata kuwa har yau tana hanya, ba ta iso ba.