Gana mai gumi da 'yar farinta

Yayata Gana, tun da aka kawo ta Haɗeja daga Auyo, gumin shinkafa take yi, ta turara ta shanya ta sayar. Kowa a unguwar ya san tukunyarta, ya kuma san bakinta, don in ka yi wa shinkafarta tayin wulaƙanci sai ka gwammace kiɗa da karatu. Amma bakin nan bai taɓa furta sunan Safara'u ba. 'Yar farinta ce, Yaya kuwa irin matan da ce, alkunya ta yi mata katutu. "Yarinyar nan" take cewa, ko "waccan". In baƙi suka yabi yarinyar sai ta tashi ta je iza wuta. Ni kam haushi abin yake ba ni. Na sha gaya mata zamani ya wuce nan, ta ce in rufe mata baki.

Shekarar da ruwa ya ci unguwarsu, ita ta goya Safara'u, ƙatuwa da ita, zazzaɓi ya kayar da ita, ta ratsa ruwa har ƙirji zuwa kwalekwale. Yarinyar ba ta san inda kanta yake ba, uwar kuma ta hana kowa ya ba ta labarin.

Bana, a ajin ƙarshe na sakandare, Malam Zaharaddeen ya ba su Safara'u aikin nazarin wani tsohon wasan kwaikwayo da mu ma aka karanta mana. A ciki akwai uwar da ɗanta na fari zai yi tafiya mai nisa, ya zo sallama, ko kai ba ta ɗago ba daga dakan da take yi. Nazarin Safara'u ya fi na kowa, aka ce ta karanta shi ranar taron iyaye. Da ƙyar na jawo Yaya, ta zauna can baya ta ja mayafi.

Yarinya ta miƙe, murya ras. Ta warware jigon wasan, ta bi mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya, ana ta tafi. Da ta zo kan uwar, sai ta ce malamai na kiran wannan hali alkunya, ita dai ba ta yarda ba.

"Uwar da ba ta iya kiran sunan ɗanta, ba ta son sa ne kawai," in ji ta. "Wanda ya taso a irin gidan ya sani."

Matan unguwar su Yaya suka waiwayo gaba ɗaya. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, balle ita. Yaya ta sunkuyar da kai, ba ta sake ɗagowa ba har aka yi addu'a aka watse.

Da muka isa gida Safara'u ta shige ɗaki. Yaya ta zauna gindin murhu, hawaye na zuba, ta ce ba ta taɓa jin kunya irin ta yau ba, da wane ido za ta fita kasuwa gobe. Can ta kamo hannuna.

"Je ki gaya mata ba haka ba ne."

Na ce ba inda za ni, ni na haife ta? Sai Yaya ta miƙe ta je ƙofar ɗakin, ta riƙe labule, ta buɗe baki kamar za ta kira sunan. Na kasa kunne.

"Ke," ta ce, "abincinki na hucewa."

Daga ciki Safara'u ta ce ta ƙoshi.