Miyar Ragon Malam Maharazu

Duk wanda ya ci biki a Malumfashi cikin shekarun nan ya san miyar ragon Hansai, ya kuma san faɗanta. Gajeruwar mace ce mai kaifin harshe, ba ta yarda kowa ya taɓa mata ludayi.

Miyar gado ce. Mahaifinta, Malam Maharazu, kuku ne a gidan wani Ba'indiye da ya koyar a sakandare tun Hansai tana ƙarama. Matar Ba'indiyen ce ta nuna masa yadda ake soya albasa har ta yi ja, a zuba citta da tafarnuwa da kurkum, a bar naman ya nuna a cikin kindirmo. Da suka koma ƙasarsu, kayan ƙamshin da suke kawowa suka yanke. Maharazu ya shiga kasuwa ya nemo kimba da masoro da kanumfari, ya koma soyawa da man shanu, ya yi ta gwadawa har miyar ta dace da bakin mutanen gari. Hansai ce mai daka masa. Ya rasu bai bar gona ba, sai wannan tukunya, kuma da ita ta riƙe 'ya'yanta bayan mutuwar mijinta.

A da, mutum ɗaya ta taɓa koya wa, Sadiya 'yar ƙaninta. Bara Sadiya ta buɗe gidan abinci a Funtua. Wata rana maƙwabciya ta miƙo wa Hansai waya. Ga Sadiya a bidiyo tana juya tukunya, tana cewa wannan miyar Dubai ce, wani Balarabe ne ya koya mata a can.

Ko mayafi Hansai ba ta gyara ba ta nufi tasha. Da ta isa Funtua, ta iske gidan abincin cike da masu cin abincin rana.

"Ke Sadiya, yaushe kika je Dubai ban sani ba?"

"Gwaggo, don Allah ki sassauta murya. Talla ce kawai. In na ce miyar wani kuku ce, wa zai waiwaye ta?"

"Wani kuku! Kakan naki ne wani kuku? Hayaƙin murhu ya cinye masa ido a kan miyar nan, ke kuma kin ɗauke ta kin ba Balaraben da ko haifarsa ba a yi ba!"

Ta juya kan masu ci. "Ku ci, halal ɗinku ne. Amma ku sani, Maharazu ne ya haɗa ta, a Malumfashi, bayan wata Ba'indiya ta sa shi a hanya. Allah ya jiƙansa." Wasu suka amsa da amin, wani dattijo ya ajiye cokali yana kallon Sadiya.

Sadiya ta goge Dubai daga allon shagonta, amma ba ta rubuta sunan kakanta ba. Wannan ya fi ƙona wa Hansai rai. Har yau ba ta sake taka wurin ba, in an haɗu a sabga kuma gaisuwa kawai take amsawa.

Sai dai ta buɗe ƙofarta. Duk macen da ke son koyo ta zo, da sharaɗin za ta faɗi mai miyar a duk inda ta dafa. Sun zo daga Danja, har daga Musawa. Makon jiya ta kori wata saboda ta zuba garin kori na leda.