Dutsen da ke bangon ɗakin Kaka

Har yau in na buɗe gwangwanin fenti warinsa ya daki hancina, sai in ga koren bangon nan na ɗakin kakana, raina ya ɓaci kamar jiya aka yi abin. Kada ka ce mini ai abu ya wuce. Ni dai ban huce ba.

Kakana makiyayi ne a da. Babu dutsen da ke kewaye da Gombe wanda bai taka ba, amma ko da na yi wayo ƙafafunsa sun riga sun mutu. Yana kwance a ɗakin da ke jikin zaure, ba abin da yake gani sai bango. Amarya yake kirana, ni kuwa in ce Allah ya tsare ni da auren tsoho marar haƙori. Ran da babu makaranta nakan bi goggona, ƙanwar babana da suke uba ɗaya, yin itace a gindin wani dutse da ke gabas da gari. Ita tana sara, ni ina hawa, har in ga jirgin ƙasa a tasha ya zama kamar tsutsa. Da damina dutsen kore shar, ruwa na bin tsaginsa. Bayan girbi ciyawar ta koma ja, tana kartar ƙafa.

Ina dawowa Kaka zai tsare ni da tambaya, kuma kullum da tsamiya yake farawa, wata babba da ke gindin dutsen. Tana nan? Rafin ya kawo? Da bakina ya gaji da bayani, ran nan na ɗauki gawayi na zana masa a bango. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce tsamiyar ta cika kusa da rafi, in matsar da ita.

Daga nan aka fara. Jar ƙasa daga bakin rafi, farar ƙasa, bular wanki da nake tsakura wa Inna, gangamau in ina son rawaya, duk in dama da ƙaro don su kama bango. Asawaki na tauna ya zama buroshi. Dokokin Kaka biyu ne. Ban da mai rai, don haka burtali nake zanawa ban da shanun. Kuma ba a tafiya dutse da takarda: a je a cika ido a dawo, abin da ya biyo mutum gida shi ne nasa. Damina ta zo in mayar da bangon kore, rani ya shigo in busar da shi.

Sai kuɗin man fetur suka shigo ƙasa. Aka ƙara wa ma'aikata albashi, babana ya sayi babur, ya kwaye jinka ya buga kwano, ya ce gidan ƙasa ya ƙare. Dama yana jin haushin surutun unguwa, wai 'yarsa na hawan dutse kamar akuya. Aka mayar da Kaka zaure na 'yan kwanaki, ina makaranta aka shafe bangona da siminti, aka bi shi da koren fenti mai ƙyalli. Ba wanda ya tambaye mu, daga ni har mai ɗakin.

Aka mayar da Kaka ɗakinsa, ya kalli bangon sau ɗaya ya rufe ido. Fura ma ya daina taɓawa. Na shiga na tsokane shi da tsoho marar haƙori, bai ce amarya ba. Wannan shirun ya fi mari ciwo.

Na je bayan ɗaki inda masu fenti suka bar ragowa, na kwaso fari da jan da aka shafa wa ƙofa. Da rana tsaka na fara zane, ƙofa a buɗe, don ni ban ga abin ɓoyo ba. Goggo ta leƙo ta ce babana zai yanka ni. Na ce ya yanka. Koren nasu ma aiki ya rage mini, damina ce a shirye.

Ina cikin zana tsamiya na ji tsayuwar babur. Baba ya shigo, ya kalli bangon, ya zare bel ɗinsa. Wallahi ban sauke hannu ba. Sai muka ji muryar Kaka daga kan gado.

"Ɗan nan, a gindin tsamiyar nan na binne uwarka, kana goye a bayan maƙwabciya. Ko ka ɗauke ni ka kai ni in gani, ko ka bar yarinya ta kawo mini."

Baba ya tsaya da bel a hannu yana kallon tsamiyar da ban gama ba. Can ya juya ya fita. Kaka ya ce, "Amarya, reshen hagu ya fi haka tsawo. Miƙo mini furar nan."

Washegari na tsinci buroshin kanti a bakin ƙofa. Baba bai ce shi ya ajiye ba, ni ma ban yi godiya ba, hali ɗaya gare mu. Kaka ya yi sauran kwanansa fuskarsa na kallon bangon.

Yanzu dutsen babu shi. An fasa shi an yi tsakuwar titi, an sare tsamiya, gidaje sun hau wurin. Ina da ɗakin zane a unguwar Barunde, kuma da furfurata nake fita yawon duwatsu, ba takarda, ba ɗaukar hoto da waya. Amma kome na gano, in na dawo na tsaya gaban allo, dutsen nan ne ke fitowa. Masu saye sun fi son gadar sama da manyan benaye, su je su nemi mai yi musu.

Kwanan baya wani yaro mai mota ya tsaya gaban zanen ya tambaye ni wace ƙasa ce wannan. Na ce Gombe. Ya yi dariya, ya ce Mama, a nan aka haife ni, babu wannan dutsen a Gombe. Na ɗora yatsa a gindin tsamiyar na ce akwai shi, ga kakata nan kwance.