Ranar da Na Tsabtace Kile ɗin Malamin Fizik

A lise ɗaya, babbar sakandare, muke koyarwa a Gaya, ni lissafi, shi fizik. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Mutumin Tunuga ne, Dendanci ya sha a nono, Hausarsa kuwa ta kasuwa ce, gajera, ba ado. Ina ce masa Yaya, yana ce mini ƙane. A duk malaman makarantar, mu biyu ne kaɗai muke rubuta program don jin daɗi, kamar yadda wasu ke kiwon tantabara.

Nawa ba su da wani amfani, kuma na fi son su a haka. Nasa ne mai dalili. Kowace Lahadi yakan hau moto zuwa garinsu, inda ya kafa turke a bakin kogi ya yi masa zanen santimita. Ya duba inda ruwa ya kai, ya rubuta a tafin hannunsa da bik, ya dawo ya shigar a ordinater, wato kwamfuta, ya wanke hannu. Shekara shida yana wannan. Burinsa program ɗin ya kai ga faɗa wa masu shinkafar garinsu makon da ruwa zai haye fadama, su yi girbi kafin ya riga su.

Ordinater ɗinsa tsohuwa ce, ba ta riƙe amana, don haka komai nasa a kile ɗaya yake, ɗan ma'ajin nan na USB, rataye da makullin moto. Duk sanda ya gyara wani abu sai ya kwafi dosiyen, jakar da aikin ke ciki, gaba ɗaya ya sake masa suna. Akwai “na ƙarshe”, da “na ƙarshe 2”, da “na ƙarshe wallahi”.

Ni kuwa a lokacin na kamu da son git, kayan aikin da ke tuna duk canjin da ka yi wa program ba tare da ka tara kwafi ba. Sabon shiga ne ni, kuma sabon shiga ya fi liman wa'azi.

Wata Talata, lokacin hutun safe, na leƙa allon ordinater ɗinsa a ɗakin malamai, na karanta sunayen da ƙarfi.

“Yaya, wannan rantsuwar wa ake yi wa? Ko dosiyen ma ba ya yarda da kai?”

Aka yi dariya. Malamar tarihi ta ce a bar shi, tsoho da rumbunsa.

“Rumbu ake zuba hatsi,” na ce. “Wannan juji ne.”

Ya yi murmushi, ya ciro kile ɗin daga makulli ya miƙo mini. “To ƙane, gyara. Kai ne mai karatu.”

Na gyara kamar yadda littafi ya ce. Program ya shiga git. Fishiyen awon ruwa kuwa, inda yake tara lambobinsa, tunda ba program ba ne, na sa shi cikin abubuwan da git ba zai kula da su ba. Na goge tsofaffin dosiyoyin nan duka. Sannan, don aikin ya yi kyau a idon 'yan kallo, na ba da umarnin shara, wanda ke kwashe duk abin da git bai ajiye ba.

Ina ɗaga yatsa na gane abin da na yi: awon shekara shida ya bi shara. Na kuma san maganinsa: a cire kile, kada a ƙara zuba masa komai, akwai yadda ake tono abin da aka goge. Magana ɗaya ce. Amma mutum biyar ne tsaye a bayana, kuma yanzun nan na gama kiran aikinsa juji. Na ce a raina gobe zan karɓa da wata dabara in gyara a ɓoye. Na miƙa masa na ce, “Ga shi, fes.”

Ya ga wuri ya samu, ya yi murna. Da yammar ranar ya cika kile ɗin da bidiyon darussan lantarki, suka danne abin da na so in tono.

Ran Litinin, bayan ya dawo daga kogi da sabon awo, ya same ni a ɗakin malamai. Lambar jiya na nan a tafinsa, bai wanke hannun ba tukuna. Ya buɗe program ɗin, ya tashi lafiya lau, ya zana layin tsaye da na kwance, tsakaninsu fari fat.

“Ƙane, ruwan ba ya nan.”

Na jawo kujera, na gyara tabarau, na yi irin fuskar da nake yi wa takardar ɗalibi.

“Me ka danna bayan na ba ka?”

“Ban sani ba. Na zuba bidiyo.”

“Ka zuba bidiyo.” Na bar maganar ta zauna a ɗakin yadda kowa zai ji. “Sannan me?”

Ya yi ta tunani, bilhaƙƙi, yana neman laifinsa. Har ya tuno wani akwatin tambaya da ya fito, ya danna “eh” bai karanta ba. Na girgiza kai a hankali. Malamar tarihi ta ce ai dama sabon takalmi ba na tsohuwar ƙafa ba ne.

Na yi kwana biyu ina ƙoƙarin tonowa, wannan kam na yi. Na samo awon mako goma sha ɗaya, a warwatse. Saura shekara uku ya yi ritaya, kuma ya fi ni sanin cewa mako goma sha ɗaya ba ya faɗin halin kogi. Bai ƙara zuwa wurin turken ba.

Da na mayar masa da kile ɗin ya riƙe hannuna da hannu biyu ya yi godiya. Ya ce in yafe masa wahalar da ya ba ni, kansa ne ya tsufa da irin waɗannan abubuwa.

Na ce, “Ba komai, Yaya. Sai dai a riƙa karantawa kafin a danna.”