Katin Da Muka Wanke Da Ran Ƙyaure

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran babban ɗan bayan ƙungiyarmu, wanda 'yan kallo suka sani da Ƙyaure. Ya rasu a asibiti yana da shekara talatin da huɗu, kwana uku bayan wasansa na ƙarshe. Sanarwar ƙungiya ta ce bayan gajeriyar rashin lafiya ne. Yaya, shekara shida na yi ina tsaron baya kafaɗa da kafaɗa da kai, na san ba haka zancen yake ba.

Ranar da na fara zuwa atisaye da yagaggen takalmi, kowa dariya ya yi, kai kuwa ka ciro naka ka ba ni, ka ce wai ya matse ka, alhali ƙafarmu ɗaya. Kafin kowane wasa kakan zagaya gaban raga kana tsince duwatsu, don kada gola ya ji ciwo in ya faɗi. Da na ci gida a wasana na uku, 'yan kallo suka zage ni har iyayena, ka zauna kusa da ni a mota ka ce, "Kai yaro ne, ni sau huɗu na ci gida, biyu ma da kyau." Shekara goma sha huɗu kana wasa, ba a taɓa ɗaga maka jan kati ba.

Ga abin da ya faru. A gasarmu, wanda ya tara katin gargaɗi biyar sai a dakatar da shi wasa ɗaya. Mu uku 'yan baya kowa yana da huɗu. A gabanmu akwai wasa da ƙungiyar da ke ƙarshen teburi, bayansa kuma babban wasan da zai haye da mu rukunin sama. Sai koci ya raɗa wa biyu daga cikinmu mu nemi kati na biyar da gangan a wasan da za mu buga kafin waɗannan biyun, mu yi hutun dole a ƙaramin wasan, mu shiga babban ba fargaba. Wanke kati muke kiran wannan. Na ukunmu, da ba a gaya masa ba, shi ma ya yi nasa wayon. Ni bayan an hura usur na doka ƙwallo waje, alƙalin wasa ya ɗaga mini kati, har ina ƙunshe dariya. Wayo ya ci mai shi, aka dakatar da mu uku a tashi ɗaya.

Lokacin kana jinya. Kun gwara kai da wani ɗan gaba, likita ya ce mako uku ko ƙwallo kada ka taɓa, kwana goma kawai aka yi. Koci ya jawo 'yan tsakiya biyu baya, ya gwada su kwana biyu, abin sai ka ce an ba makaho gadin kasuwa. Ranar Alhamis shugaban ƙungiya ya same ka a ɗakin canza kaya.

Ya ce, "Ƙyaure, rabin lokaci kawai. Ka tsaya kana yi musu magana, ba sai ka yi tsalle ba."

Ka ce, "Ranka ya daɗe, ka taɓa ganin ɗan bayan da ba ya tsalle?"

Aka yi dariya. Likita ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ina zaune a gefenka, ni da na san hasken rana ma runtse ido yake sa ka, na ja bakina na tsuke, don in na yi magana laifina ne zai fito.

Ranar Asabar muna cikin 'yan kallo da kayanmu masu guga. Abokan karawa ba su da dabara sai ɗaga ƙwallo sama, kai kuma kana tare ta da ka, tun ina ƙirgawa har na daina. Aka tafi hutun rabin lokaci ba ci, koci bai cire ka ba. Muka ci ɗaya da nema. Da ka yi amai bayan an tashi, aka ce zafi ne. Washegari ba ka gane 'yarka ba.

Yanzu an raba mana baƙin ƙyallen da za mu ɗaura a hannu a babban wasa, koci yana cewa mu ci don kai. Wallahi abin kunya ne, kuma ni ba zan buga ba. Ajali gaskiya ne, ba na jayayya da hukuncin Allah, amma sanadi yana da masu shi.

A zaman makoki matarka ta kira ni gefe ta ce, "Ƙanina, ba likita ya hana shi ba? Wa ya sa shi?" Na ce mata kwana ne ya ƙare. Yaya, ko a nan ma tsorata na yi.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba mahaifiyarka da 'yan'uwanka haƙuri, Ya raya 'ya'yanka biyu, Ya shirya su. Ke kuma matar yayana, ina miki ta'aziyya, kuma ga amsar tambayarki: shugaba ne ya roƙe shi, koci ya sa shi, likita ya yi shiru, ni kuma na buɗe gurbin da ya shiga. Idan kin yafe mini, na gode. Idan ba ki iya ba, ba ki zalunce ni ba.