Ranar da Na Gyara Malama Rahila

Akwai wata Laraba cikin daminar shekarar 2006 da har yau ban iya mantawa da ita ba, kuma ban taɓa tuna ta ba tare da na ji kunya ta rufe ni ba. Ku da kuke koyon ɗaukar hoto a hannuna nake ba wa labarin, don na lura da yadda yatsunku ke saurin kai wa fuskokin mutane.

A lokacin ina aiki a wani shagon hoto kusa da kasuwar Zuru. Maigidana Alhaji Garba, mutumin Argungu, shi ke fita ɗaukar bukukuwa da hotunan iyalan sojoji. Ni kuma, Sani, ni ke zaman shago ina ɗaukar fasfo, wato ƙananan hotunan nan da ake mannawa a takardun neman aiki da na makaranta.

Kafin wannan shekara da fim muke aiki. Sai a tara shi a ba direba ya kai Kontagora a wanke, kuma gyaran da za ka iya yi bai wuce ka sa fensir mai tsini ka rufe ƙurji ɗaya ko biyu ba. To a farkon shekarar Alhaji ya sayo kwamfuta da kyamara mai kati, ya tura ni Kaduna na yi sati uku ina koyo. Na dawo kaina ya kumbura, ko gaisuwa sai na ga dama nake amsawa. A fuskata na fara gwada hannu. Ina da tsagen gidanmu a kumatu biyu, wanda yara suka yi ta tsokanata da shi tun ina firamare, na zauna na goge shi tas a hoton katin shaidata. Daga nan duk wanda ya zauna a kujerarmu sai na yi masa abin da muke kira gyara: a ƙara haske, a share tabo, a rage kumatu. Ba na tambayar kowa, a ganina kyautatawa ce.

Ranar Larabar, da hantsi, wata mata ta shigo da lema a hannu, ta ja gyale har kan hanci. Za ta yi shekara arba'in. Ta gaishe ni, ta ce sunanta Rahila, malamar firamare ce, daga Rikoto take, fasfo huɗu take so kuma gobe za ta karɓa. Da ta sauke gyalen na ga fatarta ta yi fari dabbare-dabbare, kewayen ido da baki har zuwa wuya, haka ma bayan hannuwanta. Na yi saurin kawar da kai, kuma na san ta gani.

A kowane shagon hoto akwai madubi da mataji da gwangwanin hoda a gefe. Na nuna mata wurin. Ba ta ko kalli madubin ba, ta wuce kai tsaye ta zauna gaban farin labule, ta ɗora hannuwa a gwiwa.

"Malam, ka ɗauka yadda nake," in ji ta.

Kullum ina jin wannan magana a bakin masu sauri, ma'anarta ba su da lokacin shafa hoda. Haka na ɗauke ta. Na ce ta ɗaga haɓa kaɗan, na danna sau ɗaya, ta ja gyalenta ta fita.

Da la'asar na zauna a kan hoton. Ban taɓa yin aiki da ƙwazo irin na ranar ba. Na riƙa ɗibar launi daga goshinta, inda fatar take baƙa, ina cike farin wuri bayan wuri, har fuskar ta zama sumul. Alhaji ya dawo ya leƙo ta bayana.

"Kai Sani, wanga inji da sihiri shike! Hwarin duk ya tahi?"

Na ce, "Ai hannu ne, Alhaji."

Ga kuskure na biyu, na aiki zalla. An koya mini a ajiye hoton asali daban, a yi gyara a kan kwafinsa. Ni kuwa don gaggawa na adana gyararren a kan na asalin. Katin kyamarar kuma ƙarami ne, kullum kafin mu tashi sai mu share shi don aikin gobe. Na share.

Ranar Alhamis ta dawo. Na miƙa mata ambulan ina murmushi, ina jiran godiya. Ta zaro hotunan ta daɗe tana kallo.

"Wannan wace ce?"

"Ke ce mana, Malama. Na gyara ki ne."

Ku lura da abin da bakina ya faɗa. Ban ce na gyara hoton ba. Ta ɗago ta dube ni, ba da fushi ba, da ma fushin ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Ashe na ɓaci ne," in ji ta a hankali. "To ba ni wanda ka ɗauka jiya, kafin gyaran."

Na koma kan kwamfuta ina ta lalube, alhali na san babu. Na ce ta yi haƙuri ta zauna in sake ɗauka, minti biyar ne. Ta juya ta kalli kujerar nan da farin labulen. Ta ajiye hotunan a kan tebur, ta ja gyale, ta fita.

Alhaji yana zaune yana jin mu. Shi da ya yaba mini jiya, sai ya ce, "Mun yi ɓarna, Sani. Gobe da sahe ka ɗauki kyamara ka bi ta gida."

Washegari Juma'a na hau babur zuwa Rikoto da kyamara da farin ƙyalle a jaka. Ban sha wahalar samun gidan ba. Yayarta, wata dattijuwa mai suna Saratu, ita ta fito, ta ba ni kujera a ƙarƙashin mangwaro, ta zauna ta faɗa mini abin da ban tambaya ba tun farko.

Ta ce shekara uku ke nan da farin ya fara fito wa ƙanwarta. Wasu iyayen yara suka je wurin hedimasta suka ce kuturta ce, ba su yarda ta taɓa littattafan 'ya'yansu ba. Ba a kai ta asibiti an tambaya ba, aka cire ta daga aji aka mayar da ita ɗakin ajiyar kaya, tana zama ita kaɗai da tsofaffin bencina. Matar da ta shekara goma sha biyar tana koyarwa. Daga nan ta daina zuwa coci, ta daina zuwa kasuwa, ta sauke madubin ɗakinta ta kifa a ƙarƙashin gado. Akwai watannin da ko abinci sai an yi da gaske take ci. Daga baya wani likita ya duba ta, ya rubuta takarda cewa ba kuturta ba ce kuma ba a ɗauka, ya kuma riƙa zama da ita yana sauraronta har ta fara dawowa cikin hayyacinta.

"Kwamitin ilimi na ƙaramar hukuma sau ɗaya yake zama a shekara kan irin wannan ƙorafi," in ji Saratu. "Yau ake rufe karɓar takardu. Ita ta ce hoton da za ta manna sai ya nuna fuskar da takardar likita ke magana a kai, su gan ta tun kafin ta shiga. Ɗana, sati uku tana shirin zuwa shagonku. Sau biyu tana kaiwa bakin kasuwa ta juyo."

Na ce ga kyamara na zo da ita, ko a tsakar gida ne zan ɗauka in koma in buga kafin azahar. Saratu ta shiga ciki. Ina jin maganarsu ƙasa-ƙasa ta taga. Sai na ji muryar Malama Rahila:

"Yaya, ki ce masa ya yi haƙuri, na sa shi wahalar zuwa. Yau ba zan iya ba."

Ni ta ba wa haƙuri. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na naɗe ƙyallena na hau babur, ban san yadda na iso shago ba.

Ba ta kai takardun ba a wannan shekara. Ta ƙara shekara guda cur a ɗakin ajiyar nan. Da shekara ta zagayo na ji an ce ta je har Mahuta ta ɗauki fasfo a wurin wani tsoho mai kyamarar fim, ta shigar da ƙorafinta, aka mayar da ita aji. Ban ga laifinta ba da ta tsallake shagonmu.

A 2009 aka kira ni wata firamare ɗaukar hoton 'yan aji shida masu fita. Ina jera yara sai ga ta a tsakiya, babu gyale a fuska, 'yan mata biyu sun rirriƙe hannuwanta suna rigimar wa zai tsaya kusa da ita. Na so in ɓuya a bayan kyamara, amma ta riga ta gane ni.

"Malam Sani, ka ɗauka yadda muke."

Na ce, "Na ji, Malama. Wannan karon na ji."

Abin da na koya shi ne, masu cire ta daga aji da ni abu ɗaya muka yi. Su sun ce fuskarta ba ta dace da gaban yara ba, ni na ce ba ta dace da takarda ba, kuma nawa ya fi muni don da murmushi na miƙa mata. Na kuma gane tsagen kumatuna nake ta gogewa a fuskokin mutane, ba tare da sun ce nasu ya dame su ba. Shi ya sa a shagon nan ba a taɓa fuskar kowa sai an tambaye shi, kuma ba a cewa "a gyara?" Ana cewa, "A bar shi haka, ko akwai abin da kake so a canza?"

Fasfo huɗun nan suna cikin aljihun teburina har yanzu, duk mai so ya zo in nuna masa. Aiki ne mai kyau, ba za ku ga inda hannu ya taɓa ba. Matar da ke ciki ba a taɓa haihuwarta ba, ni na ƙirƙire ta, kuma ta cinye wa Malama Rahila shekara guda.